Zama a Agege: tambayoyin da masu shirin tahowa Legas suka fi yi

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya saba da wannan kiran wayar. Ɗan'uwa daga Kano ko Gusau ko Mubi ya samu aikin gadi, ko zai fara harkar canji, ko an yi masa canjin wurin aiki, sai ya bugo yana tambayar inda zai samu ɗaki mai sauƙin kuɗi. Amsar da yawancinmu ke bayarwa ita ce Agege. Amsar ba laifi, sai dai takan zo a gajarce, mutum ya iso ya tarar da abubuwan da ba wanda ya faɗa masa. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu a buɗe.

Da gaske Agege tana da araha?

Idan aka gwada ta da Ikeja da ke maƙwabtaka da ita, ko Surulere, ko Yaba, balle Lekki da Ikoyi, e, tana da araha. Abin da za ka biya na ɗaki ɗaya a can, a nan zai iya kama maka ɗaki da falo. Amma kuɗin haya kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Wanda yake zaune a bayan gari yana biyan sauran da lokacinsa a kan titi, da kuɗin mota, da kuɗin ruwa, da haƙurin zama cikin cunkoson jama'a. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban abu a aljihun talaka. A ƙarshen 2024 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a jihar Legas a kan naira 85,000, kuma mai ɗaukar wannan albashin idan yana hawa mota biyu zuwa aiki, biyu dawowa, zai ga kaso mai tsoka ya tafi a hanya kafin ya sayi ko mudun shinkafa.

Saboda haka ni shawarata kullum ita ce, kafin ka tambayi nawa ne ɗaki, fara tambayar kanka ina za ka riƙa zuwa kowace safiya. Mai aiki a Ikeja, Ogba, filin jirgin sama ko Oshodi, Agege ta yi masa daidai. Mai aiki a Ajah kuwa, ko kyauta aka ba shi ɗaki a Agege ya yi tunani sau biyu.

Me ya sa Hausawa suka yi yawa a nan?

Goro da jirgin ƙasa. A farkon ƙarni na 20 yankin Agege gonaki ne na koko da goro, kuma layin dogon da ya tashi daga Legas ya bi ta nan, ya isa Kano wajen 1912. Fataken goro suka samu wurin da za su sayi kaya su ɗora a jirgi kai tsaye zuwa Arewa, sai suka kafa zango, zangon ya zama unguwa. Har yau ana kiran wurin Zango, akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan fatake ke zaune. Za ka haɗu da saurayin da aka haifi kakansa a Agege, Hausarsa garau, Yarbancinsa garau, bai taɓa yin damina ɗaya a Arewa ba. Waɗannan ba 'yan ci-rani ba ne, nan ne gidansu, kuma baƙon da ya zo yana yi musu kallon baƙi irinsa ya fara da kuskure.

Daga baya mayankar Oko-Oba, wadda ita ce babbar mayankar jihar, ta ƙara janyo dillalan shanu da mahauta da masu harkar fata. Kusancin filin jirgin Murtala Muhammed kuma ya sa harkar canjin kuɗi ta kafu.

Wane irin ɗaki zan samu, kuma me ake biya?

Mafi sauƙin kuɗi shi ne tsohon gidan haya mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna a jere hagu da dama suna kallon juna, banɗaki da wurin girki na kowa da kowa a baya. Sama da shi akwai ɗaki mai banɗakinsa da ɗan kicin a ciki, sai ɗaki da falo, sai fulat mai ɗaki biyu ko uku. Farashi yana bambanta daga layi zuwa layi. Cikin Zango da Isale Oja da Oke-Koto gidajen tsofaffi ne, a matse suke, amma kana tsakiyar jama'a. Wajen Oko-Oba da wasu sassan Dopemu akwai rukunin gidaje masu ƙofa da maigadi, sun fi tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ke girgiza sabon zuwa shi ne, a Legas ba a biyan haya wata-wata a yawancin gidaje, shekara ake biya gaba ɗaya, kuma ba ita kaɗai ba. Akwai kuɗin ejan, wato dillalin da ya nuna maka gidan. Akwai kuɗin rubuta yarjejeniya. Akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa ko da za ka yi ɓarna, wanda a baki ana cewa za a mayar maka ranar tashi, a aikace kuwa sai ka bi sawu. Wasu ejan har kuɗin zuwa ganin gida suke karɓa kafin su taka ƙafa. Idan aka ce maka ɗaki kaza ne, nan take ka tambaya: "Duka-duka nawa zan ajiye kafin a ba ni makulli?" Wannan jimillar ita ce farashin gaskiya na shekarar farko, kuma sau da yawa takan haura kuɗin hayar da rabi ko fiye.

Akwai dokar da ke kare ɗan haya?

Akwai, dokar haya ta jihar Legas ta 2011, kuma ta shafi Agege. Ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta masa ba da rasit. Idan yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. Ko wa'adin ya cika, mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko kwance kwano ko watsa maka kaya waje, sai ya bi ta kotu. Akwai kuma hukumar LASRERA da ke yi wa dillalan gidaje rajista tana karɓar ƙorafi a kansu, da cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a da ke shiga tsakani kyauta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutanenmu da yawa suna biyan kuɗi hannu da hannu ba takarda, wai kunya ko yarda. Ranar da rigima ta tashi ba abin da za su nuna. Ka biya ta banki, cikin asusun mai gidan ko lauyansa, ka karɓi rasit mai sunanka, ka ajiye hotonsa a waya.

Me zan duba kafin in biya?

Ka je da kanka, ko ka tura wanda idonsa kamar naka ne. Hoton da ejan ya turo ta WhatsApp ba ya nuna wari, ba ya nuna kwata.

Idan da hali ka je bayan an ɗauke ruwan sama. Damina a nan doguwa ce, takan fara tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Agege tana kan tudu idan aka kwatanta da tsibirin Legas, amma layukan da ke kusa da manyan magudanai suna cika. Ka tsuguna ka dubi gindin bangon ɗakin. Idan ka ga wani layi mai duhu ya zagaye shi a tsayin taƙi ɗaya ko biyu, fenti ya kumbura yana ɓarewa a ƙasansa, to nan ruwa yake tsayawa. Ka dubi bakin ƙofofin maƙwabta: idan kowa ya gina ɗan dakali na bulo ɗaya da sai an ɗaga ƙafa a tsallake kafin a shiga, ba ado ba ne. Ka leƙa banɗaki, ka ƙirga ƙofofin ɗakunan da ke amfani da shi, ka tuna da ƙarfe biyar na asuba lokacin da kowa ke son yin wanka ya kama hanya.

Sannan ka samu mai shayi ko mai kanti na layin, ka zauna ka sha shayi. "Malam, don Allah yaya wutar layin nan? Mai gidan can yana da fitina?" Cikin minti goma zai gaya maka abin da ejan ba zai faɗa ba ko da za ku wuni tare. Kuma lallai ka ga mai gidan ko wakilinsa ido da ido. Ana yawan damfarar mutane da ɗaki ɗaya da aka karɓi kuɗinsa a hannun mutum biyar.

Yaya zirga-zirga take?

A nan ne Agege ta fi sauran unguwannin masu araha, kuma a 'yan shekarun nan abin ya canza sosai. Gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a Maris 2021 ta rage wahalar mararrabar da a da mota kan yi awa guda tana jiran jirgi ya wuce. Manyan motocin bas na BRT na layin Oshodi zuwa Abule-Egba, da suka fara aiki a 2020, suna bi ta gefen Dopemu a kan hanyarsu ta daban, ba ruwansu da gosilo. Sai kuma jirgin ƙasa na cikin gari, Jan Layi, da aka ƙaddamar a ƙarshen Fabrairun 2024 ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban shekarar. Yana tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ba kowane lokaci yake tashi ba, sai ka san jadawalinsa, amma wanda lokacin aikinsa ya dace da shi ya huta. Da BRT da jirgin duka da katin Cowry ake biya, ka yanki naka tun makon farko. Jirgin Legas zuwa Ibadan ma yana da tasha a Agege.

Sauran kuwa danfo ne, wato bas ɗin haya masu launin rawaya, da ƙananan bas da Keke. Kuɗinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, da safe daban, da yamma daban, idan hadari ya haɗo kuma kwandasta ya ƙara. Ka riƙe canji a hannu, ka ji kuɗin kafin ka shiga. Mai son isa tsibiri ƙarfe takwas ta mota, daga sallar asuba sai tasha.

Ina da babur, zan iya yin acaɓa?

Ka yi hattara sosai. Tun 1 ga Yunin 2022 an hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumban shekarar aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Agege ba ta cikin wannan jerin, amma Ikeja tana manne da ita, kuma manyan tituna da gadoji haramun ne ga ɗan acaɓa a ko'ina. Babur ɗin da aka kama ba ya dawowa, murƙushe su ake yi. Na ga samari da suka sayar da gona ko akuyoyin gida suka sayi babur, mako biyu ya tafi. Idan sana'ar da za ta kawo ka ke nan, ka fara magana da shugabannin 'yan acaɓa na unguwar kafin ka ɗora babur a tirela.

Wuta da ruwa fa?

Kamfanin Ikeja Electric ne ke ba da wuta a yankin, kuma an raba layuka rukuni-rukuni. 'Yan rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, amma tun Afrilun 2024 aka ninka musu farashi fiye da sau uku. Sauran rukunai kuɗinsu da sauƙi, wutarsu kaɗan. Ka tambayi rukunin da layin yake. Ka kuma tambaya ko gidan yana da mitar kati, da yadda ake raba kuɗin. A gidan haya mai mita ɗaya, rabon kuɗin wuta shi ne uwar rigima: wane yana da firiza, wance tana girki da wuta, ga mai dutsen guga. Gidan da kowane ɗaki ke da ƙaramar mitarsa ya cancanci ka ƙara kuɗi a kansa.

Ruwan famfo na gwamnati bai isa yawancin gidaje ba. Ko gidan yana da rijiyar burtsatse da tanki, ko rijiya, ko ka saya wurin 'yan garuwa, waɗanda akasari 'yan'uwanmu ne. Ruwan sha kuma sai fiya-wata. Mai iyali ya sa wannan a lissafin wata, don jarka biyu-uku a kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne. Akwai kuma kuɗin kwashe shara da kuɗin 'yan sintirin layi.

Zan samu abincin gida?

Har ka gaji. Tuwo da miyar kuka, waina, fura da nono, ƙosai da koko, dambu, balangu, kilishi, duk akwai a Zango da kewaye. Nama ya fi sauƙi saboda Oko-Oba. Kayan gwari, tumatir da albasa da tattasai da attaruhu, daga Arewa suke saukowa kasuwar Mile 12, masu hikima sukan haɗa kuɗi su sayo kwando su raba. Ga burodin Agege da sunansa ya zagaye ƙasa.

Zan iya kawo iyali? Makaranta da asibiti fa?

Mutane da yawa sun kawo, sun kuma rayu lafiya, amma kada ka kawo amarya gidan da banɗaki ɗaya ne na ɗakuna goma sha biyu ba tare da ka gaya mata gaskiya ba. Macen da ta tashi a gida mai tsakar gida da zaure, zaman lungu da maza baƙi na wucewa ta ƙofarta yana yi mata nauyi. Idan ƙarfinka bai kai ɗaki mai banɗaki a ciki ba, gara ka ɗan jinkirta, ko ka nemi gidan da masu iyali 'yan'uwa suka fi yawa.

Makarantun gwamnati na firamare da sakandare ba a biyan kuɗin makaranta, sai dai aji a cike yake. Za a nemi katin zama ɗan jiha na LASRRA a harkoki da dama, ka yi wa kanka da yara. Dokar jiha ta 2018 ta sa koyar da Yarbanci dole a makarantu, wanda ni a ganina riba ce ga yaranmu. Batun hijabi kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yunin 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi suna da 'yancin sanya shi a makarantun gwamnatin Legas. Islamiyyu suna nan birjik, ga kuma Markaz, makarantar Larabci da Sheikh Adam Abdullahi Al-Ilory ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ta dawo Agege, wadda ta yaye malamai a faɗin Afirka ta Yamma.

Akwai babban asibitin gwamnati a Orile-Agege, da ƙananan cibiyoyin lafiya a unguwanni, asibitin koyarwa na LASUTH kuma yana Ikeja. Jiha tana da inshorar lafiya mai suna Ilera Eko. Zazzaɓin sauro ba ya hutu a nan, gidan sauro ya zama cikin kayan da za ka fara saya.

Akwai tsaro? Yaya zama da Yarbawa?

Ba zan ɓoye maka ba, Agege tana da 'yan daba da ƙungiyoyin matasa masu ƙwacen waya, musamman da dare da wajen tashoshi. Layuka da yawa suna rufe ƙofa da daddare suna ɗaukar 'yan sintiri. Kada ka riƙa latsa waya a bakin tagar danfo, kada ka shiga motar da ba ta tasha ba da sassafe ko tsakar dare.

Zaman yau da kullum da Yarbawa kuwa lafiya lau ne, fiye da yadda ake zato daga nesa. Sahu ɗaya ake yi a masallaci, ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Amma an taɓa ganin baƙar rana ta rikicin ƙabilanci a Legas: Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, Fagba da ke nan kusa a Oktoban 2020. Irin wannan wutar yawanci daga ƙaramin abu take tashi, faɗan mutum biyu a tasha, sai jita-jita ta hura ta. Shi ya sa nake roƙon duk sabon zuwa ya gabatar da kansa ga shugabannin sana'arsa da na unguwa, ya san fadar Sarkin Hausawa, ya shiga taron masu gida da 'yan haya na layinsu, ya biya kuɗin da aka yanka. Bayarabe yana girmama gaisuwa ƙwarai. Ka rusuna ka gaida tsohuwar gidanku da safe, ka ce mata Mama, ka kira mai gida Baba. Ranar da wani abu ya taso, su ne za su ce wannan yaronmu ne.

Dole sai na iya Yarbanci?

Ba dole ba ne, da Hausa da Turancin buroka za ka yi rayuwa. Amma wanda ya iya gaisuwa da ƙirga kuɗi da Yarbanci ba a yi masa tsadar baƙo a kasuwa.

Idan Agege ma ta fi ƙarfina fa?

Hakan na faruwa, don jirgi da gada sun sa masu gidaje ƙara kuɗi. Mutane suna matsawa gaba: Abule-Egba, Iju-Ishaga, Alagbado, Agbado, har Sango-Ota da ke jihar Ogun. Wanda ya samu ɗaki kusa da tashar jirgi ta Iju ko Agbado bai yi asara ba. Ta ɗaya ɓangaren akwai Ikorodu, mai unguwar Sabo da BRT da jirgin ruwa zuwa tsibiri, wadda ta dace da masu harka a Mile 12. Masu harka a Alaba Rago kuma Ojo da Okokomaiko sun fi musu. Mowe da Ibafo a kan hanyar Ibadan suna da sauƙin haya, amma ranar da tirela ta faɗi a doguwar gada, sai dai ka bugo wa maigidanka waya ka ba da haƙuri.

Na fara tara kuɗi, in sayi fili a bayan gari in huta da haya?

Buri ne mai kyau, kuma Hausawa da yawa sun yi gidajensu a nan. Cikin Agege fili ya ƙare, sai dai tsohon gida a rushe, shi ma sau da yawa na gado ne mai magada da yawa, kuma idan ɗaya bai sa hannu ba ka sayi shari'a. A can gaba inda filaye suke, matsalar ita ce 'ya'yan masu ƙasa da ake kira omo onile: a sayar maka, ka zo aza harsashi su dawo neman kuɗi, ka zo rufi su sake dawowa, wani lokacin ma filin an riga an sayar wa wani. Jihar Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016, amma ba ta hana ka yin naka binciken ba. Ka ɗauki lauya naka na kanka, ba na mai sayarwa ba. A kai taswirar filin ofishin safiyo-janar a tabbatar ba ya cikin filin da gwamnati ta karɓe, ba ya kan hanyar bututun mai ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ko bakin magudanar ruwa, don irin waɗannan gine-ginen ake rushewa ba diyya. Ka tabbatar a wace jiha filin yake, Legas ko Ogun, tunda a yankin Agbado da Alagbado iyakar ta ratsa cikin unguwanni, kuma takardun kowace jiha a ofishinta ake yin su. Idan ka biya, kada ka bar filin haka, ka kewaye shi ka fara ko da ɗaki ɗaya ne ka sa mutum a ciki.